Mai Kamu Ma Yana da Mai Tambayarsa: Tarihin Sa Ido Kan Masu Binciken Laifi Daga Madina Zuwa Damargu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya haramta wa kanSa zalunci, Ya kuma haramta shi a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, a jerin darussan wajibai an saba yi maka magana kan tsarki da salla da zakka da azumi. Darasin yau ya shafi wani wajibi da ba a cika kawo shi a majalisin masallaci ba, alhali da wuya a sami dangin da bai taɓa shafa ba: wajibin sa ido kan wanda aka ba ikon kama mutum ya bincike shi.

Ka san yadda abin ke faruwa a ƙasarmu ta Damargu. Raƙumi ya ɓace a bakin rijiya a dajin Tenhiya, ko an fasa shago a Tanut, ko an yi wa wani rauni ranar kasuwa a Belbeji. Sai a ambaci sunan wani, sai a zo a tafi da shi. Daga lokacin da aka riƙe hannunsa zuwa lokacin da zai tsaya gaban alƙali akwai wani tsakani, na awoyi ko na kwanaki, wanda a cikinsa ba shi da kowa sai Allah sai wanda ya kama shi. A wannan tsakani ake tono gaskiya, a cikinsa kuma ake binne ta. Saboda haka magabata ba su taɓa yarda a bar mai kamu shi kaɗai da wanda ya kama ba. Sun ɗora wani a kansa wanda zai tambaye shi: don me ka kama shi, me ka gani, yaushe za ka kawo shi? A tsarin ƙasarmu na yau wannan aiki yana wuyan alƙali mai shigar da ƙara da sunan gwamnati. Amma aikin ya girmi wannan suna da ƙarnuka masu yawa.

Abin da Alƙur'ani ya koyar

Ka koma ga Suratu Yusuf. An tuhumi Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, an kuma yi bincike nan take: wani daga dangin matar ya ce a duba inda rigar ta yage. Aka duba, aka tarar daga baya ta yage, mai gidan kansa ya gane wanda ke da laifi. Duk da haka, aya ta 35 ta gaya mana cewa bayan sun ga alamomin, sai suka ga ya fi musu su jefa shi kurkuku. Hujja tana nan, amma masu iko sun zaɓi rufin asirin gidansu. Ya yi shekaru a tsare. Da sarki ya aiko a fito da shi, bai yarda ya fita a matsayin mai laifin da aka yi wa afuwa ba. Ya nemi a sake buɗe maganar. Sarki da kansa ya tara matan ya tambaye su, gaskiya ta fito daga bakinsu. Darasin a fili yake: hujja kaɗai ba ta buɗe ƙofar kurkuku, sai an sami wani na sama da ya waiwayi aikin na ƙasa.

Ka duba kuma Suratun Nisa'i daga aya ta 105. Malaman tafsiri sun kawo cewa wani mutum a Madina mai suna Ɗu'uma ɗan Ubairiƙ ya saci sulke ya kai ajiya gidan wani Bayahude. A wata ruwaya, sulken yana cikin buhun gari mai huji, garin ya yi ta zuba a hanya har masu nema suka bi shi zuwa ƙofar Bayahuden. Dangin Ɗu'uma suka zo gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, suna wanke ɗan'uwansu. Sai ayoyi suka sauka suna wanke Bayahuden, suna kuma bayyana girman zunubin wanda ya aikata laifi ya jefa shi a kan marar laifi. Mu mutanen daji ne, mun san darajar bin sawu, muna da gwanayen da ke gane sawun raƙuma ɗaya a cikin garke. To ka riƙe wannan ƙissa: sawu yana nuna inda kaya suka kwana, ba ya faɗin wanda ya kai su can.

Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umurce mu da bin diddigin labari kafin mu afka wa mutane cikin rashin sani. Mafi yawan masu tafsiri sun ce ta sauka ne game da Walidu ɗan Uƙba, wanda aka aika karɓar zakkar Banu Musɗaliƙ, ya komo ya ce sun hana. Ka lura, wanda ya kawo labarin ma'aikaci ne da hukuma ta aika. Ke nan rahoton ma'aikaci ma ana tantance shi kafin a gina hukunci a kansa.

Aikin Manzo da na Sayyidina Umar

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya komo, Manzo ya zaunar da shi ya yi masa lissafi. Mutumin ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi. Manzo ya hau mumbari ya bayyana cewa da ya zauna a gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa wannan kyauta. Daga nan malamai suka ɗauko hukunci biyu: shugaba yana bin bayan wanda ya aika, kuma abin da aka ba ma'aikaci saboda kujerarsa haramun ne ko da an sa masa sunan kyauta.

Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya mayar da wannan tsari. Yana da sahabi na musamman, Muhammadu ɗan Maslama, wanda yake aikawa ya binciki gwamnoni idan ƙara ta zo. Da mutanen Kufa suka kai ƙarar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Umar bai ce wannan yana cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, don haka a bar maganar ba. Ya tura masu bincike, kuma Buhari ya ruwaito cewa masallaci bayan masallaci suka bi suna tambayar jama'a. Kowa ya yabi Sa'adu, sai mutum ɗaya a masallacin Banu Absin. Daga baya, a kan gadon ajalinsa, Umar ya bayyana cewa bai sauke Sa'adu don gazawa ko ha'inci ba. Bincike bai rage wa Sa'adu daraja ba, ya tabbatar da ita ne. Ka kuma lura da inda aka je neman shaida: wurin masu sallar jam'i irinka.

Yadda malamai suka tsara shi

Da daula ta faɗaɗa, aka kafa ofishin shurɗa, wato ƴan sanda. Ɗabari ya kawo cewa halifa Abu Ja'afar Mansur, wanda ya gina Bagadaza a shekarar 762, ya ce mulki yana tsayawa ne a kan mutum huɗu kamar yadda gado ke tsayawa a kan ƙafafu huɗu: alƙali, da shugaban ƴan sanda, da mai karɓar haraji, da na huɗu wanda ya fi jaddadawa, wato mai aiko masa da labarin gaskiya game da waɗannan ukun.

Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu a 798, ya rubuta wa halifa Haruna Rashid littafin Kitabul Kharaj. A ciki ya yi magana mai tsawo kan fursunoni: a ciyar da su daga baitulmali, a tufatar da su, kada a kama mutum don kawai wani ya tuhume shi, kuma a umurci gwamnoni su riƙa duba shari'ar waɗanda ke tsare a kai a kai, mai laifi a hukunta shi, marar laifi a sake shi.

A mazhabarmu ta Malikiyya maganar ta ƙara fitowa. Malamai irin su Ibnu Farhun, mai littafin Tabsiratul Hukkam, wanda ya rasu a 1397, sun kasa wanda ake tuhuma kashi uku: wanda aka sani da kirki, wanda ba a san halinsa ba, da wanda ya shahara da ɓarna. Na farko ba a tsare shi a kan zargi kawai, har wasu malamai suka ce mai zarginsa ne ake ladabtarwa. Na biyu ana iya riƙe shi har a gano lamarinsa. Game da na uku an yi saɓani, domin wasu malamai, kamar yadda ya zo a Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, sun yarda a matsa masa. Amma ko su, a hannun alƙali ko shugaba suka sa wannan hukunci, ba su bar shi ga son ran wanda ya yi kamun ba. Shi kuwa Shehu Halilu, a babin sata na Muhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukanmu, ya tafi a kan cewa sata tana tabbata da iƙirari ne idan mutum ya yi shi da son ransa. Idan tilasta shi aka yi, ba ta tabbata ko da ya fito da kayan. Dalilin a bayyane yake, domin mai shan duka yana faɗin abin da zai tsayar da dukan ne.

Kano da Sakkwato

Wannan ilmi ya zo ƙasar Hausa ta hanyar da kakanninmu suka sani, hanyar ayari da ta ratsa Azbin. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, ya biyo ta Azbin ya isa Kano wajen shekarar 1492, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ya rubuta wa sarkin wani ɗan littafi kan wajiban sarakuna, wanda aka fi sani da Tajuddini. Abin da ya yi ta maimaitawa a ciki shi ne, babu musibar da ta kai sarki ya ɓoye kansa daga talakawansa. Ya shawarce shi ya riƙa zama kullum inda mai rauni zai iya isa gare shi, ya san dukiyar ma'aikaci kafin ya naɗa shi, ya kuma riƙa bin diddigin aikinsa bayan naɗin. Almagili ya gane cewa idan ƙofar sarki ta rufe, dogarin bakin ƙofa shi ne sarki.

Bayan shekara ɗari uku, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, ya rubuta Kitabul Farƙi yana bambanta mulkin adalci da na zalunci. A cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su akwai gaisuwa, wato abin da ake ba masu mulki kafin su saurari mutum, da cin hancin alƙalai, da ƙwace dukiyar mai laifi a madadin hukuncin da shari'a ta tanada. Da ya zo lissafa ginshiƙan hukuma, ya sa shugaban ƴan sanda a ciki, ya kuma siffanta aikinsa da ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa daga mai ƙarfi.

Ƙaninsa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga da idonsa cewa cin yaƙi ya fi gyara hali sauƙi. Da ya lura son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'ar, ya bar su da nufin tafiya gabas. Ya isa Kano wajen 1807, mutanen garin suka roƙe shi ya rubuta musu yadda za su tafiyar da hukunci, ya rubuta Diya'ul Hukkam. A ciki ya ɗauko daga Almagili da Ibnu Farhun, ya yi bayanin muƙamai da iyakar ikon kowanne, har da muƙamin mai duba ƙorafin zalunci, wanda ake kai wa ƙarar ma'aikatan hukuma kansu. A aikace, masarautun daular sun kasance da dogarai masu kamu, da Yari mai kula da tsararru, wanda daga sunansa muka sami gidan yari, da alƙali mai hukunci, da majalisar sarki inda ake kai kuka. A saman sarakunan kuma akwai Sakkwato. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yakan yi rangadin masarautun gabas yana duba al'amuransu. Ba kullum aiki ke bin littafi ba, kuma malaman daular da kansu sun yi ta kuka kan hakan. Amma ma'aunin yana rubuce, talaka na iya kafa hujja da shi.

Damagaram da zamanin Nasara

Damagaram ba ta cikin daular Sakkwato, alaƙarta da Barno take, amma littattafan fiƙihun da malamanta suka karanta su ne dai waɗannan. A watan Janairun 1851 wasu Turawa uku matafiya suka sauka a Damargu tare da ayarin Azbin, a nan suka rabu: Barth ya nufi Kano, Richardson ya nufi Damagaram, zamanin Sarki Ibrahim. Richardson ya rubuta cewa ya tarar ana zartar da kisa cikin gaggawa, ana kuma kama mutane a sayar. Shaidar baƙo ce, kuma mai adawa da cinikin bayi, ana karanta ta da lura. Sai dai tana tuna mana cewa inda mai kamu ke cin riba daga kamun, laifi ba ya ƙarewa a gari.

Faransawa sun shiga birnin Damagaram a ƙarshen watan Yulin 1899 bayan yaƙin Tirmini, suka kashe Sarki Amadu Kuren Daga, suka ɗora Amadu ɗan Bassa. A 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato, bayan na Kobkitanda a ƙasar Dosso, hankalin Turawa ya tashi. Sai aka kai wa hafsoshin Damagaram labarin cewa sarki da wasu manya suna shirin hallaka su. Aka kama Amadu ɗan Bassa, aka tuɓe shi, aka kai shi Kodibuwa. Cikin waɗanda abin ya ci har da Malam Yaro, babban attajirin birnin, wanda ya taɓa taimaka wa Faransawan da kansu. Aka miƙa riƙon ƙasa ga Bellama, bafaden gidan, sarauta ba ta koma gidanta ba sai a 1923 da aka naɗa Barma Mustafa. Masana tarihi sun yi saɓani har yau: wasu na ganin da gaske an ƙulla shirin, wasu na ganin makircin fada ne da hannun tafinta a ciki. Tushen saɓanin shi ne abin da ya shafi darasinmu. Waɗanda aka ce za a kashe su ne suka yi kamun, su suka yi binciken ta bakin tafinta, hukumarsu ce ta yanke hukunci. Babu wani ido na dabam da ya tantance, shi ya sa bayan fiye da shekara ɗari zukata ba su natsu ba.

Na Agadas ya fi wannan muni. Bayan yaƙin Kawusan na 1916 da 1917, Faransawa sun kama Sarkin Azbin Tagama a 1919. A watan Afrilun 1920 aka same shi a mace a ɗakin da yake tsare a Agadas, aka ce shi ya kashe kansa. Masana tarihi sun tabbatar cewa kashe shi aka yi bisa umurnin hafsan da ke riƙe da garin, kafin shari'a ta yi aikinta. Idan sarki bai tsira a hannun mai tsaron da ba a tambayarsa ba, ina ga makiyayi?

Shi kuwa talaka, dokar da Faransawa ke kira andijena ce a kansa. Ta ba kumandan ikon ɗaure mutum har kwana 15 da cin tararsa har faran 100 ba tare da shari'a ba, a kan abubuwa irin su jinkirin biyan haraji ko abin da ya ga rashin ladabi ne. Kumandan ba ya jin Hausa ko Tamajak ko Fulatanci, saboda haka abin da gardi da tafinta suka gaya masa shi ne gaskiya. Dattawanmu sun ba da labarin wannan zamani. Ba a soke dokar ba sai a 1946.

Tsarin da Nijar ta kafa

Bayan samun ƴancin kai a 1960, Nijar ta kafa kundin tafiyar da shari'ar laifuffuka da doka mai lamba 61-33 ta ranar 14 ga Agustan 1961. Wannan kundi ya raba hannayen da Nasara ya haɗe. Jandarma ko ɗan sandan da ke binciken laifi yana da shugabansa na kaki, amma a aikin bincike yana ƙarƙashin jagorancin alƙali mai shigar da ƙara. Wajibi ne ya sanar da shi laifin da ya samu labari ba tare da jinkiri ba, ya kuma aika masa takardun binciken. A saman wannan akwai babban mai shigar da ƙara na kotun ɗaukaka ƙara, wadda tamu ke Damagaram, sai kuma wani zauren alƙalai na wannan kotu da ke iya tuhumar mai bincike a kan aikinsa. Mai shigar da ƙara ne ke yanke shawarar a gurfanar, ko a miƙa wa alƙali mai bincike, ko a rufe maganar idan babu hujja.

Gyaran da aka yi wa kundin a 2003 ya tsara cewa a laifuffuka na yau da kullum ba a riƙe mutum a hannun masu bincike fiye da awa 48, sai mai shigar da ƙara ya ba da izinin ƙarin wasu 48. A sanar da shi haƙƙinsa na ɗaukar lauya. Kuma idan za a kai shi gaban mai shigar da ƙara a haɗa da takardar likita mai shaida cewa ba a azabtar da shi ba. Laifuffukan ta'addanci suna da wa'adinsu dabam. A 2020 kuma aka sa azabtarwa cikin laifuffukan da kundin hukunci ke hukuntawa da sunanta. Ka auna wannan da maganar Abu Yusuf da ta Halilu, za ka ga manufar ɗaya ce, ko da asalin kundin daga Faransa yake.

Sai dai takarda ba ta tafiya da ƙafarta. Daga Damagaram zuwa Tanut kimanin kilomita 150 ne, daga Tanut zuwa rugage da rijiyoyin arewa kuma wata tafiyar ce, wani wuri babu kwalta, wani wuri babu layin salula. Makiyayin da aka kama bai san awa 48 ba, bai taɓa ganin lauya ba, kuma takardar da za a ce ya dangwala wa yatsa da Faransanci aka rubuta ta. Inda nisa ya yi yawa, ido yakan yi rauni. Wannan giɓi ne ya mayar da maganar wajibi a kanmu duka.

Abin da ke wuyan kowa

Idan kai ne mai shigar da ƙara, ko kana cikin masu taimaka masa, ka sani cewa kowane dare da wani ya kwana a tsare a yankinka, da saninka ko da sakacinka ya kwana. Kada ka wadatu da takardar da aka ajiye a teburinka. Ka je ɗakin tsarewa ba tare da sanarwa ba, ka duba littafin shiga da fita, ka kalli jikin mutumin, ka tambaye shi da harshen da yake ji. Gani ya kori ji. Idan ka tarar da iƙirari babu wata hujja a bayansa, ka tambayi yadda aka same shi. Idan mai bincike ya yi aiki mai kyau ka kare shi daga masu matsa masa, domin shi ma yana da manyan gari a kansa.

Idan kai ne jandarma ko ɗan sanda, aikinka ibada ne idan ka tsarkake shi. Kai ke kwana a daji kana bin ɓarayin dabbobi mu muna barci, Allah Ya saka maka. Kada ka ɗauki tambayar na sama a matsayin wulaƙanci, an tambayi Sa'adu ma. Ka rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, ka rubuta lokacin kamu na gaskiya. Abin da aka ba ka don ka kama ko don ka saki, ka tuna da Ibnul Lutbiyya.

Kai kuma ɗan'uwa da ba ka da kaki ba ka da kujera, mafi yawan kamun zalunci daga bakin irinmu yake farawa. Aya ta 12 ta Hujurat ta hana mu yawan zato, Bahaushe kuma ya ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Idan an yi maka sata, ka faɗi abin da ka gani, ka bambanta shi da abin da kake tsammani. Kada ka nuna mutum don baƙo ne, ko don harshensa ba naka ba ne, ko don kuna da tsohuwar husuma a kan rijiya. Kada ka kai kuɗi a rufe maka wanda kake bi bashi. Bashi da ɓarnar gona suna da hanyarsu ta sulhu a gaban mai gari da sarki, in ta ƙi a je kotu. Lokacin saukowar dabbobi kafin a saki gonaki shi ne lokacin da aka fi faɗawa wannan zunubi. Idan ka san wanda aka kama ba ya wurin a ranar, ka je ka faɗa, domin aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta ɗora zunubi a zuciyar mai ɓoye shaida. Idan wanda aka kama ɗanka ne kuma ka san ya aikata, kada ka bi sawun dangin Ɗu'uma. Kada kuma ka shiga cikin masu dukan wanda aka yi wa ihun ɓarawo a kasuwa, domin taron da ya kama ya yi hukunci nan take ya aikata abin da muke zargin Nasara da shi.

Idan an tsare wani naka, ka riƙe rana da lokacin da aka tafi da shi, ka kai masa abinci, ka yi magana da ladabi. Idan wa'adi ya wuce ba a sake shi ba kuma ba a gabatar da shi ba, ko ka ga alamar duka, ka tafi kotu ka nemi ganin mai shigar da ƙara, ka tafi da wanda ya iya karatu. Wannan ba tsaurin ido ba ne ga hukuma. Hukumar ce da kanta ta buɗe wannan ƙofa, kuma shigarta ya fi ba da cin hanci tsarki. Limamai da masu unguwanni su ma su san wannan hanya, don su raka marar gata.

Allah Ya ba shugabanninmu da alƙalanmu da jami'an tsaronmu ikon tsayar da adalci, Ya kuɓutar da duk wanda ke tsare bisa zalunci, Ya shiryi masu laifi, Ya tsare harsunanmu daga shaidar zur. Ya zaunar da Damargu da Nijar baki ɗaya lafiya. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai iya karatu ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.